Dawakin Babbar Mota Da Abin Da Su Ke Sha

Godiya ta tabbata ga Allah da Ya hore wa ɗan Adam dabbobi su ɗauki kayansa, sa'an nan Ya sanar da shi yadda zai sarrafa ƙarfe da wuta su yi masa abin da dabba ta kasa. Tsira da aminci su tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, duk wanda ya saba zama a kasuwar Dawanau ranar lodi, ko a wata tashar manyan motoci, ya sha jin wata gardama wadda ba ta ƙarewa. Wani ya nuna tirela ya ce, "Waccan doki 460 gare ta, ai rijiya ce, kome ka zuba mata ba ta ƙoshi." Wani kuma ya ce, "A'a, Alhaji, ƙaramin inji shi ne mashayi, don kullum cikin nishi ya ke." A yi ta yi har a kira salla, kowa ya tashi da ra'ayinsa.

Da can gardamar ta hira ce kawai. Yanzu kuwa ta zama ta neman abinci, domin a farkon 2022 litar man gas a Nijeriya tana wajen naira 300, kafin shekarar ta fita ta haura 700, a ƙarshen 2023 kuwa ta wuce 1,000. Kuɗin nan ba mai mota kaɗai ke biyansu ba. Falke yana biya cikin kuɗin dako, mai tuwo tana biya a bakin mudu, malami yana biya ran da ya aika a auno wa almajirai tsaba. Saboda haka ya kamata mu warware zancen nan a hankali, mu san mene ne dokin inji, mu kuma san wa ke shan man da gaske.

Asalin dokin inji

Wanda ya kafa awon nan wani Bature ne mutumin Sikotland, sunansa James Watt, an haife shi a 1736, ya mutu a 1819. Shi ya kyautata injin tururi har ya zama abin sayarwa. Mutanen da ya ke so ya sayar wa kuwa da dawaki su ka saba aiki, dawakin na kewaya suna juya abin niƙa, ko suna jawo ruwa daga ramukan haƙar ma'adini. To, tambayarsu ɗaya ce: injin nan naka, aikin dawaki nawa zai yi? A wajajen 1782 Watt ya yi lissafi, ya tsai da cewa ƙarfin doki ɗaya shi ne ɗaga laba 33,000 sama tsawon ƙafa ɗaya cikin minti ɗaya.

Jamusawa da maƙwabtansu suna da nasu awon, wanda ya yi kusa da na Watt ƙwarai, ya kuma fi sauƙin riƙewa: doki ɗaya shi ne ɗaga kilo 75 sama mita ɗaya cikin daƙiƙa ɗaya. Watau buhun siminti ɗaya da rabi ke nan, a ɗaga shi zuwa ƙugun mutum kafin a ƙifta ido, a yi ta maimaitawa ba hutu. Dokin gaske in ya zabura yana iya fid da ƙarfin da ya fi doki 10 na awon nan, amma na ɗan lokaci ƙanƙane. Awon an yi shi ne a kan dabbar da za ta yini tana aiki. Inji mai doki 400 ke nan, in an sake masa linzami duka, aikinsa daidai ya ke da ɗaga tan 30 sama mita ɗaya kowace daƙiƙa.

Injin da ke cikin manyan motocinmu kuwa na Rudolf Diesel ne, Bajamushe, wanda injinsa ya yi aiki sosai a 1897 a garin Augsburg. A 1923 da 1924 kamfanonin Benz da MAN su ka fara sa irinsa a motocin kaya. Daga sunansa aka samo kalmar dizal, man da mu ke kira gas, 'yan'uwanmu na Nijar ke cewa gazuwal.

Yawan dawakin ba a ɓoye ya ke ba, a rubuce ya ke a jikin ƙofa ga wanda ya iya karanta shi. A motocin Mercedes lambobin farko nauyin mota ne da kayanta, na ƙarshe kuma dawaki ne in an ƙara musu sifiri. Tsohuwar 911 da ta daɗe tana yi wa fatake hidima tan 9 ce da doki 110. Mai lamba 1113 tan 11 ce da doki 130, Actros 1844 kuwa injinta doki 440 ne. A motocin DAF da MAN lambar da ke bayan ɗigo ita ce dawakin, kamar 430 ko 460. Howo ta ƙasar Sin da ta cika hanyoyinmu an fi ganin mai 371. Can a Turai kuma kamfanonin Suwidin biyu sun daɗe suna tsere: Volvo ya fid da mai 750 a 2011, Scania ya fid da mai 770 a 2020, Volvo ya sake fitowa da mai 780 a 2024. Irin waɗannan an yi su ne don jan gungumen katako da manyan injuna da hawan duwatsu.

Babban guga da ƙaramin guga

Ƙarfin doki haɗuwar abu biyu ne: ƙarfin murɗawa, da yawan juyin da inji ke yi cikin minti. Ka dubi mutum biyu a bakin rijiya. Ɗaya ƙaƙƙarfa ne, babban guga gare shi, yana ja a natse. Ɗayan ƙaramin guga gare shi, yana ja da sauri yana haki. In sa'a ta cika mai yiwuwa ne ruwan da su ka jawo ya zo daidai, watau dawakinsu ɗaya ke nan. Amma wa zai fi jure yini? Wa igiyarsa za ta riga tsinkewa?

Injin babbar mota shi ne mai babban guga. Ƙarfin murɗawarsa ya kan cika tun yana juyi 1,000 zuwa 1,400 a minti, alhali ƙaramar motar fetur sai ta kai 5,000 ko fiye kafin ta fid da dukan ƙarfinta. Duk sa'ad da inji ya ƙara saurin juyi, ƙarafan cikinsa na ƙara gogayya da juna, gogayyar nan kuwa da mai a ke biyanta. Shi ya sa masu ƙera motocin su ka shafa kore a wani yanki na agogon juyi da ke gaban direba. Muddin allura na cikin koren nan, inji na ba da aiki mai yawa da mai kaɗan. In ta fita ta yi sama, ƙara ce ke yawa, ba tafiya ba. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai.

Dokin inji ba ya cin harawa a turke

Ga inda masu gardama su ke ɓata. Mai dawaki 20 a bargarsa dole ya ciyar da 20, ko ya hau su ko bai hau ba. Dokin inji ba haka ya ke ba, sai an ɗaura masa kaya ya ke neman abinci. Injin gas na zamani mai lafiya, duk doki 100 da su ka yi aiki sa'a guda su kan sha lita 17 zuwa 20. Wannan ƙa'ida ta hau kan mai doki 300, ta kuma hau kan mai 500. Tambayar da ta kamata ita ce, dawaki nawa hanya ta nema a wannan sa'a, ba dawaki nawa ke rubuce a ƙofa ba.

Tirela mai nauyin tan 40 duk da kayanta, a kan shimfiɗaɗɗiyar kwalta mai kyau, tana tafiya matsakaiciya, abin da ta ke bukata bai kai doki 200 ba. Sauran suna tsaye a turke. Shi ya sa a Turai irin wannan mota ta kan sha lita 30 zuwa 35 a kilomita 100, ko injinta na 400 ne ko na 500, bambancinsu kaɗan ne.

To, ina amfanin sauran dawakin? Sai an zo tudu. Ga lissafi, masu sha'awar hisabi su gwada a allo. A ce hanya na hawa mita 5 cikin kowace mita 100, mota kuma na tafiyar kilomita 40 a sa'a. Cikin kowace daƙiƙa tana hawa sama abin da ya ɗara rabin mita kaɗan. Ka buga wannan da kilo 40,000, ka raba da 75, za ka sami kusan doki 300. Wannan na hawan kaɗai ne, ban da na jan taya da tsaga iska. Motar da ba ta da su dole ta sauko ƙananan giya ta yi ta rarrafe. In ta koma kilomita 20 a sa'a, 150 sun ishe ta hawan, amma ta ninka lokacinta, injin na kuka a ƙarshen juyinsa, lagireto na tafasa. Wanda ya taɓa bin Hawan Kibo zai shiga Jos ya ga irin wannan da idonsa.

Ka ga ke nan kowane daga cikin masu gardama ya kama wani gefe na gaskiya. Injin da ya yi wa kayansa kaɗan yana yini cikin wahala, yana sha fiye da kima, yana kuma saurin tsufa. Injin da ya yi wa kayansa yawa ya fi nauyi, ya fi tsada wajen saye da gyara, gogayyar cikinsa ta fi, ga kuma babban aibinsa: yana zuga direba. Madugan da, masu kai ayari Gwanja, ba su ɗora wa jaki kayan raƙumi, ba su kuma sayen raƙumi don kayan jaki. Mai ɗaukar tan 30 na hatsi zuwa Ikko bukatarsa dabam, mai kai tan 8 tsakanin kasuwannin ƙauye tasa dabam.

Masu shan man na gaskiya

Tun farko a sani, mafi kyawun injin gas na babbar mota ba ya mai da ko rabin ƙarfin mansa ya zama tafiya, sai a 'yan shekarun nan aka taɓo rabin, kamar yadda kamfanin Weichai na Sin ya ba da sanarwa a 2020. Sauran yana fita ne da zafi ta salansa da lagireto. Ɗan abin da ya rage shi a ke rabawa tsakanin waɗannan masu cin rabo.

Na farkonsu gudu. Gaban tirela kamar bango ya ke, iska kuwa ba ta ba da hanya kyauta. In aka ƙara gudu daga kilomita 60 zuwa 90, watau an ƙara rabi, turjiyar iska ba rabi ta ke ƙaruwa ba, ninki biyu da kwata ta ke komawa, dawakin da za su tsaga ta kuwa sun haura ninki uku. Haka kuma ƙarfin da birki zai kashe kafin mota ta tsaya ya zama ninki biyu da kwata. Dokar hanya ta Nijeriya ta tsai da wa tirela da tanka kilomita 60 a sa'a a kan babbar hanya mai tagwaye, kuma tun 2017 hukumar kiyaye haɗurra ta fara tilasta wa motocin haya sa na'urar taƙaita gudu. Wanda ya bi wannan ya tsira da mansa, ya tsira da rayukan mutane. Sannu ba ta hana zuwa.

Na biyu nauyi. Kowane tan da aka ƙara yana ƙara danne taya, yana kuma neman nasa dawakin a kan tudu. Ɓarnarsa ba ta tsaya ga mai mota ba. A wani babban gwaji da aka yi a jihar Illinois ta Amurka daga 1958 zuwa 1960, an gane cewa in aka ninka nauyin da ke kan layin tayoyi ɗaya, lalacewar da ya ke yi wa kwalta ta kan kai kusan ninki 16. Saboda irin wannan ne ƙasashen Afirka ta Yamma masu kuɗin sefa, har da Nijar, su ka yi doka a 2005, wadda ta tsai da tan 51 ga tirela mai layin tayoyi 6 duk da nauyin kanta, ƙungiyar ECOWAS kuma ta biyo da irinta a 2012. Ramin da motar yau ta fasa, shi zai sa ta gobe ta taka birki, ta sauya giya, ta ƙara shan mai.

Na uku taya. Tayar da iskarta ta ragu tana lanƙwashewa a kowane juyi, tana ɗaukar zafi, zafin nan kuwa man gas ne ya koma haka. Tayoyin da ba su daidaita ba kuma kamar shanun huɗa ne da kowane ke ja nasa gefe. Abin auna iska kuɗinsa kaɗan ne, bugun taya da sanda kuwa ba ya gaya maka gaskiya.

Na huɗu ƙafar direba. Duk sa'ad da aka taka birki, man da aka riga aka ƙona don samun gudun nan an zubar da shi ke nan. Direban kirki yana hangen nesa, yana ɗaga ƙafa daga totur tun kafin ya iso rami ko shinge ko gari, yana sauya giya allura na cikin kore. Akwai kuma wata muguwar al'ada ta zare giya a gangare wai don tattalin mai. Wannan ganganci ne. Injunan zamani masu kwamfuta, in mota na gangarawa cikin giya ba a taka totur ba, su kan yanke mai gaba ɗaya, injin kuma yana taimakon birki. Wanda ya zare giya ya bar tan 40 a wuyan birki kaɗai, in ya yi zafi ya ƙi kamawa, sai abin da Allah Ya yi. Garin neman gira an rasa ido.

Na biyar barin inji a kunne mota na tsaye. Babban inji ya kan sha lita 2 zuwa 3 a sa'a yana wurin bai motsa ba. Wanda ya bar shi sa'a 8 a layin lodi ko a wurin kwana ya ƙona lita 20 ko kusa da haka, bai matsa taku ɗaya ba.

Na shida rashin gyara. Dawakin da ke rubuce a ƙofa na ranar da motar ta fito sabuwa ne. Motocinmu kuwa da yawa sun yi shekaru suna aiki a Turai kafin su iso. Inji da iska ya ke numfashi, ƙurar hunturu kuwa tana toshe matatar iska, gurɓataccen mai yana cinye bakunan da ke fesa shi cikin inji. Baƙin hayaƙin nan da ka ga yana tashi bayan tirela mai ne da bai ƙone ba. Kuɗin Alhaji ne ke bin iska.

Awon da ya kamaci falke

Kada ka tambayi lita nawa mota ta sha kawai, ka tambayi lita nawa kowane tan ya ci. Ga misali, lambobin na kwatance ne. A ce wata ta ɗauki tan 10 ta sha lita 25 a kilomita 100, kowane tan ya ci lita biyu da rabi. Wata ta ɗauki tan 30 ta sha lita 40, kowane tan bai kai lita ɗaya da rabi ba. Wadda a ke kira mashayiya ita ce mai sauƙi, muddin ta cika iyakar da doka ta yarda. In kuwa ta dawo wayam, ribar ta tafi, don haka neman kayan dawowa rabin tattalin mai ne.

Ga wani misalin. Daga Kano zuwa Ikko wajen kilomita 1,000 ne. Direba biyu, mota iri ɗaya, kaya iri ɗaya, ɗaya ya sha lita 40 a kowane 100, ɗaya 46. Bambancin zuwa lita 60, zuwa da dawowa 120. In suna sawu 3 a wata, a shekara lita 4,320 ke nan. Ko a naira 1,000 aka sayi lita, an haura naira miliyan 4, ba don wani doki da aka ƙara ko aka rage ba. Saboda haka mai mota ya ajiye littafi: ya cika tanki ran tashi, ya rubuta lambar kilomita da nauyin kaya, ya sake cikawa ran isa. Sawu 10 sun isa su nuna masa halin motarsa da halin direbansa.

Zancen amana

Malamai sun san wannan babi ba sabo ba ne. A cikin Mudawwana ta Imamu Sahnunu akwai littafi guda a kan hayar raƙuma da dabbobi, an kuma yi bayanin wanda ya yi hayar dabba ya ɗora mata fiye da abin da aka yi sharaɗi, da yadda lamuni ke hawa kansa in ta halaka. Ƙarfe ba ya jin zafi kamar dabba, amma yana da mai shi, hanya kuma ta jama'a ce, waɗanda ke bin ta suna da rai. Falken da ya matsa a ƙara masa buhu 50 a kan iyaka ya tuna da wannan.

Direban da ya zuƙe mai ya sayar a hanya, sa'an nan ya ce injin ne mashayi, ya ci amana, ya kuma yi wa abin da ba ya magana ƙazafi. Amma mai mota shi ma ya dubi kansa. In ya ba da kuɗin man da ya san ba zai kai ba, ya riƙe albashi, ya kuma ce lalle a isa gobe da asuba, to shi ya tura yaronsa ga gudu, da zare giya, da ɗora fasinja a kan kaya. Wanda ya auna man hanya da adalci, ya biya hakki a kan kari, ya kuma ba direba wani kaso daga abin da ya tattala, zai ga littafinsa ya sake kama.

To, Alhaji, in ka je sayen mota ko ɗaukar haya, ka karanta lambar ƙofa, amma kada ka tsaya a nan. Ka tambayi kanka tan nawa za ka ɗauka, wace hanya za ka bi, akwai makanikin da ya san injin da kayan gyaransa a kusa, sa'an nan wa za ka damƙa wa sitiyari. In ka sami amsar waɗannan huɗu, yawan dawakin da ya dace da kai zai bayyana da kansa.

Allah Ya kiyaye matafiya, Ya sa albarka a fataucinmu, Ya tsare mu daga almubazzaranci da cin amana. Amin. Wassalamu.